Mujallun Katako

Da hantsi ne, hadarin da ya kwana yana haɗuwa a kan tafki bai zubo ba, bai kuma watse ba. Zafi ya danne garin Yelwa ta Yauri, irin wanda ko mutum ya kaɗa mafici iska mai ɗumi ce ke dawo masa. Zulai'atu na tsaye a tsakiyar ɗakin karatu na kwalejin da take aiki, ko jakarta ba ta sauke ba, tana kallon kantocin da jiya ta bari wayam.

Yau a cike suke. An jera musu guntayen katako, kowanne da tsayin littafi da kaurin littafi, an shafe su da koren fenti, an manna wa kowanne farar takarda a ƙeya mai ɗauke da sunan mujalla. Ta zaro ɗaya ta kai hanci. Warin fenti ne, a ƙarƙashinsa kuma ƙarnin kifi.

"Kin ga aiki ko?"

Malam Tamada ne, shugaban ɗakin karatun. Ya sha babbar riga mai sitaci wadda ba ya fito da ita sai ranar taro, yana tafe tana ƙara. Saura kaɗan ya yi ritaya, kuma tun da aka kawo kwamfuta ɗakin nan bai taɓa zama gabanta ba sai in za a ɗauki hoto.

"Ranka ya daɗe, wannan fa mene ne?"

"Mujallunki na intanet mana. Baƙi za su shigo bayan Azahar, su ga kanta wayam, in ce musu me? In ce mujallun suna cikin iska? Tun muna makaranta aka koya mana, littafin da ba ya kan kanta sai a sa katako a gurbinsa, a rubuta inda yake. Ku 'yan yanzu ba a koya muku komai ba sai latse-latse."

Zulai'atu ta mayar da katakon inda ta ɗauko shi. A ranta ta ce, mutum ya kusa shekara sittin, an ba shi ɗakin karatu, ya mayar da shi shagon kafinta. A fili kuwa cewa ta yi, "Allah ya ƙara basira."

Baƙin da ake jira masu tantance kwasa-kwasai ne. Su ne za su duba ko kwalejin ta cancanci ci gaba da koyar da kiwon kifi, kuma cikin abin da suke dubawa har da yawan mujallun ilimi da ɗalibai ke iya karantawa ta intanet. Tsara bayanan waɗannan mujallu shi ne aikin Zulai'atu. Kowace mujalla ana yi mata abin da har yanzu suke kira kati, ko da yake babu takarda a ciki, a kwamfuta yake. A katin ake rubuta sunan mujallar, da masu buga ta, da lokacin da ta fara fita, da adireshin da mutum zai latsa ta buɗe. Ƙa'idar aikin kuma ita ce ba ka yi wa mujalla kati sai ka buɗe ta ka gan ta da idonka, ka rubuta fitowar da ka duba da ranar da ka duba ta. Shi ya sa aikin ba ya sauri. Shi ya sa kuma Malam Tamada ke ce mata hawainiya a bayan idonta.

"Ba katako kaɗai na yi ba," in ji shi, yana murmushi. "Kunna abin naki ki gani."

Akwai sauran caji a ƙaramar kwamfutar ofis. Ta kunna, ta shiga katalogi, inda katunan suke, sai ta ga ya kumbura. Mujallu ne birjik, waɗanda ba ta taɓa gani ba, har da na likitanci da na jiragen sama.

"Wani abokina ne a babbar jami'a ya ba ni a filash," in ji Malam Tamada. "Na sa an zuba jiya da yamma. Abin da kika yi shekara kina jan ƙafa a kai, ni kafin Magariba na gama."

Sai a lokacin ta tuna ya karɓi lambar sirrinta kwanakin baya, wai don ajiya. Ta buɗe kati ɗaya, ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Nan ta ga matsalar.

Manyan jami'o'i suna biyan kuɗi a buɗe musu mujallu, sai su yi wa abin ƙofa don kada kowa ya shiga sai ɗalibansu. Adireshin wannan ƙofar ake liƙawa a gaban adireshin kowace mujalla. To katunan da Malam Tamada ya kwaso duk da ƙofar masu su suka zo. Duk wanda ya latsa a Yelwa, ba mujalla zai gani ba, tambarin wata jami'a zai gani tana tambayarsa lambar ɗalibi. A ƙasan kowane kati kuma, wurin da ake sa sunan wanda ya shigar da shi, Zulai'atu aka rubuta.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ba za su buɗe ba. Ƙofar wata makaranta ce a jikinsu. In baƙin suka latsa ko ɗaya, za su san kwasowa aka yi."

"Wa zai latsa? Farfesa guda ta taso tun daga birni ta zauna latse-latse?"

"In an latsa fa?"

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya gyara rigarsa a kafaɗa.

"In an latsa, sai a duba sunan da ke ƙasa. Kin dai ji abin da shugaban kwaleji ya faɗa a taro. Duk wanda ya kunyata mu yau, reshenmu na Wara na neman ma'aikaci. Ni ban iya kwamfuta ba, kowa ya sani. Ke ce mai digiri."

Ya juya ya tafi duba ko an goge tagogi.

Wara. Zulai'atu ta taɓa zuwa sau ɗaya, ta ga reshen: ɗaki guda, kanta guda, da akuya kwance a baranda. Ba wannan ne ma abin da ya fi damunta ba. Innarta na kwance a gida tun bara da shanyewar ɓarin jiki, ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ke kai ta asibiti gashi. 'Yan'uwanta maza suna kudu, sai dai waya. In aka tura ta Wara, ko dai ta bar aikin ko ta bar Inna, kuma babu wanda za ta iya bari a ciki.

Ta yi tunanin goge katunan gaba ɗaya. Amma Malam Tamada ya riga ya rubuta yawan mujallun a rahoton da aka aika wa baƙin, in suka zo suka ga ba haka ba, nan ma sunanta za a kira. Abin da ya rage shi ne ta cire ƙofar daga jikin adireshin, ta ga waɗanda za su buɗe. Wannan kuwa sai da sabis, ɗakin karatun kuma ba shi da sabis. Tun da aka gina shi a cikin kwari waya ba ta kamawa a ciki. Wurin da ta saba zuwa ta yi aikinta ɗaya ne a duk garin.

Ta cusa kwamfutar a jaka, ta fita ta tare ɗan kabu-kabu.

"Bakin ruwa," ta ce.

A bakin ruwa, gefen inda jirage ke sauke kifi, akwai wata tsohuwar tsamiya. A gindinta waya ke cika da sabis, ba wanda ya san dalili. A nan Baba Cindo mai sassaƙa jirgi ya kafa rumfarsa, a nan kuma Mairo ke banda kifi. Zulai'atu ta zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, ta haɗa kwamfutar da wayarta, hayaƙin banda na shigar mata ido.

"A'a, Malamar iska ta iso," in ji Mairo, tana juya kifi a kan waya. "Yau mi za a kamo muna daga sama?"

"Ina kwana, Mairo. Yau ba ni da lokacin surutu."

"Kullum ba ki da shi. Mu da ke da lokaci ga mu nan muna cin kihi, ku masu boko kuna cin hayaƙinmu."

Baba Cindo ya ajiye gizago ya matso, yana share zufa da hularsa.

"Ɗiyata, wanga oga naku, yaushe za ya maido min da katakaina?"

Zulai'atu ta ɗago. "Naka ne, Baba?"

"Awo. Aro ya yi. Na yanka su don kujerun jirgin wani mutumin Shanga, ya zo ya ce in ba shi na yini guda, manyan baƙi za su gani. Ban san fenti za ya shafa musu ba. Yanzu mai jirgi na zuwa ya iske kujeru kore kamar masallaci."

Mairo ta kwashe da dariya har tana dukan cinya. Zulai'atu ba ta yi dariya ba, tsaki ta ja. Ashe ma aro ne. Ko katakon ƙaryar ba nasu ba ne.

Ta duƙufa. Ta buɗe kati, ta goge ƙofar daga gaban adireshin, ta latsa, ta jira. Abin ya yi ta juyawa. Wata mujallar ta buɗe, ta kyauta ce, sai ta duba suna, ta duba fitowar ƙarshe, ta rubuta ranar yau. Wata kuma ta ce sai an biya. Wata adireshin ma ya mutu, babu komai a wurin. Ta fara da na kifi da na ruwa, don su take zaton za a nema. Ɗaya bayan ɗaya take bi, ga su kuwa kamar yashi.

Ta zo kan wata mujallar kiwon tarwaɗa, ta ga sunan da ke shafin ba shi ne a kati ba. Masu ita sun sake mata suna. Ta san ba ta da lokaci, amma hannunta ya ƙi wucewa. Ta rufe tsohon katin da shekarar da sunan ya tsaya, ta buɗe sabo, ta haɗa su yadda mai neman ɗaya zai ga ɗayan.

Baba Cindo na tsaye a kanta yana leƙe.

"Wanga kuma mi kike yi, kin daɗe kansa?"

"Suna ta canza, Baba. In mujalla ta canza suna, sabon kati ake yi mata."

"Ikon Allah. Mu jirgi ko an sake mashi suna da fenti, jirgin ne dai. Mai shi ya san abinai."

"Akwai waɗanda haka muke musu. In shafi ne da ake ta gyara shi a wuri ɗaya, katinsa ɗaya, sai dai a gyara suna a ce da can ga yadda ake kiransa. Amma mai fitowa bi da bi, sabo ake yi."

"To wa ke karanta katin?"

Mairo ce ta amsa daga bayan hayaƙi.

"Ita da aljanunta."

Zulai'atu ta ci gaba da aiki. A ranta tana cewa, ga inda digiri ya kawo ta, tsakanin mai banda da mai gizago, tana wanke ƙazantar wani tsoho da bai san bambancin mujalla da kujerar jirgi ba. In a Yelwa haka ne, Wara kuma sai yaya? Ta tuno akuyar nan ta baranda, ta ƙara jan tsaki.

Ana kiran Azahar iska ta taso daga kan tafki, ta kwashi tokar Mairo ta watsa mata a mayafi. Kwamfutar ta yi ƙara, ta nuna caji ya kusa ƙarewa. Ta samu ta adana abin da ta yi kafin fuskar ta yi baƙi. Waɗanda ta gyara ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da abin da ya rage. Yayyafi ya fara sauka.

"Ki ce mashi gobe da sahe nike son kayana," Baba Cindo ya ɗaga murya tana hawa babur. "Kuma shi kankare fentin!"

Ta yi sallah a gurguje a ofis, ta karkaɗe mayafinta. An tayar da janareta don baƙi, fankar sama na juyawa a karo na farko tun watan azumi. Malam Tamada ya shinshina iska da ta wuce kusa da shi, ya yamutsa fuska, amma bai samu damar magana ba, don motar baƙin ta riga ta tsaya a ƙofa.

Su biyu ne suka shigo ɗakin karatun, sauran sun wuce ɗakin gwaje-gwaje. Gaba Farfesa Fauziyya ce, doguwar mace mai tabarau a kan hanci, tana fifita da fayil ko da yake fanka na aiki. Bayanta wani saurayi ne da aka gabatar da shi da suna Gideon, ma'aikacin ɗakin karatu a wata jami'a. Ya ɗaura lakataye, takalminsa mai tsini yana ƙyalli duk da taɓon waje. Zulai'atu ta dube shi sama da ƙasa. Ɗan birni, ta ce a ranta, irin waɗanda in sun ga kwale-kwale sai sun ɗauki hoto.

Malam Tamada ya yi ta zuba jawabi, yana tafe da baya yana nuna kantoci. Farfesa ba ta sauraronsa, idonta na kan rufin da ya yi tabon yoyo. Da suka zo layin koren nan ta tsaya. Ta zaro guda ɗaya, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Wannan fa?"

"Mujallunmu na intanet ne, ranki ya daɗe. Wakilansu ke nan a kan kanta. Dabarata ce."

Farfesa ta sauke tabarau ta dube shi, ta dubi katakon. Sai ta fashe da dariya, ba mai ƙarfi ba, ta hanci.

"Gideon, zo ka ga intanet ɗin Yauri. Wallahi na zaga makarantu, ban taɓa ganin wanda aka sassaƙa ba." Ta ciro waya ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka ta wani gefen. "Malam, riƙe min shi haka. Ɗaga sama kaɗan. Yauwa. Sai na tura wa mutanenmu, yau za su yi dariya."

Malam Tamada ya riƙe katakon da hannu biyu yana murmushi wa waya. Sai da aka gama ɗauka maganar ta isa gare shi. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai kai shi ba. Zulai'atu ta kawar da kai. Abin da ta faɗa a ranta da safe ne aka faɗa a fili, amma da ta ji shi a bakin wata, bai yi mata daɗin da ta zata ba.

"Duba mana kwamfutar tasu, in akwai abin dubawa," in ji Farfesa, ta samu kujera ƙarƙashin fanka ta zauna tana latsa waya.

Gideon ya zauna a teburin Zulai'atu. Ya ga babu sabis, ya ciro wani ɗan akwatin kama sabis daga jakarsa ya ɗora a taga, ya haɗa. Ta tsaya a bayansa, hannunta cikin mayafi. Tana addu'a ya nemi kifi. Bai nemi kifi ba. Ya gangara tsakiyar jerin, ya zaɓi wata mujallar ƙasa da taki, ya latsa.

Tambarin jami'ar ya fito, shuɗi da fari, da wurin sa lambar ɗalibi a ƙasa.

Gideon ya daɗe yana kallonsa. Ya koma baya, ya latsa wata. Tambarin ya sake fitowa. Sai ya buɗe cikin katin, inda ma'aikata kaɗai ke dubawa, ya bi layukan da yatsa har ƙasa. Ya yi magana a hankali, yadda ƙarar janareta za ta rufe.

"Malama, kin san wanda ya rubuta katin nan?"

"Sunana ne a ƙasa."

"Na ga naki. Na samansa nake tambaya."

Ta duƙa ta duba. A layin da ke sama da sunanta akwai haruffa biyu, G da E, da wata tsohuwar rana tun kafin a ɗauke ta aiki.

"Gideon Enoch," ya ce. "Jami'armu ce wannan. Damina da rani na yi ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ko kuskuren da na yi a sunan masu bugawa ga shi nan, ba a gyara ba."

Ta waiga. Malam Tamada na can tsaye kusa da Farfesa, har yanzu katakon na hannunsa, ya rasa inda zai ajiye.

"Shi ya kawo su a filash," ta ce. "Jiya ya zuba, ban sani ba."

"Da lambarki."

"Karɓa ya yi."

"Ke kuma kika bayar." Ya girgiza kai. "Ni abin da na gani zan rubuta. Sunanki ne a nan, ba nasa ba."

Nan abin da ta danne tun safe ya taso mata. Ta matso, tana magana ta cikin haƙora.

"In ka rubuta, Wara za a jefa ni. Kai ba ka san Wara ba, ka zo daga birni da takalminka. Ƙauye ne, ba komai sai sauro da masunta da awaki. Mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa ba, su zan je in yi wa katalogi? Ga mahaifiyata a kwance, ba mai juya ta sai ni."

Gideon bai ɗago ba. Ya gyara zaman linzamin kwamfutar a kan tebur.

"Na san Wara," ya ce. "A wani ƙauye bayanta aka haife ni. Babana masunci ne. Tawa uwar tana can, ita ma ba ta iya rubuta sunanta ba."

Zulai'atu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Shi ke nan, ta ce a ranta, da bakina na kai kaina.

"Gideon!" Farfesa ta kira daga ƙarƙashin fanka. "Yana buɗewa ko mu tafi? An ce an gasa mana giwan ruwa a gidan shugaba, kada ya huce."

"Ina zuwa, Ma."

Ya rufe katin. Ya sa kwamfutar ta jera masa katunan bisa ranar da aka taɓa su, sai na yau suka hau sama. Ya buɗe ɗaya ya karanta, ya buɗe na tarwaɗar nan, ya ga tsohon suna da sabo an haɗa su.

"Waɗannan fa?"

"Su na gyara da safe."

"Da wane sabis?"

"A bakin ruwa. Gindin tsamiya."

Ya ɗan yi wani sauti a hanci, ba ta gane dariya ce ko tsaki ba. Ya latsa adireshin. Abin ya juya, ya juya, sai shafin ya buɗe, ga hoton tarwaɗa a kan bango, ga jerin maƙaloli.

"Wannan ta buɗe, Ma."

Farfesa ko tashi ba ta yi ba. Ta leƙo daga inda take, ta buɗe fayil ta yi ɗan rubutu.

"To madalla. A Yauri ai ko ɗaya ta buɗe sun yi ƙoƙari. Me kake tsammani a nan? Ba su makinsu su samu su lallaɓa, ba wanda zai zo karatu wurin nan daga wani gari." Ta miƙe ta gyara gyale. "Malam, a ci gaba da sassaƙa."

"Mun gode, ranki ya daɗe, mun gode," in ji Malam Tamada, yana rusunawa, ya bi ta da lema har baranda.

Zulai'atu ta tsaya inda take. An wuce ke nan. Ba za ta Wara ba, gobe da safe ita za ta juya Inna. Ta jira ta ji sanyi a ranta, amma maganar Farfesa ce ke ta yi mata yawo a kunne.

Gideon bai tashi nan da nan ba. Ya buɗe wani wuri a katalogin da ita ba ta taɓa shiga ba, ya yi ɗan rubutu, ya latsa, ya jira. Ta so ta ce ya bar mata kwamfuta haka nan, amma ba ta da bakin magana. Ya miƙe, ya ɗauke akwatinsa daga taga, ya naɗe waya.

"Mujallun da ake biya ba naku ba ne," ya ce, yana rufe jaka. "In kin samu lokaci ki goge su."

Ya fita bai yi sallama ba.

Malam Tamada ya dawo yana karkaɗe lema, fuskarsa ta dawo daidai, har ƙirji ya fito.

"Kin gani ko? Katako ya cece mu. Har hoto ta ɗauka, za a nuna a birni. Gobe ki ɓanɓare takardun nan ki sa a mayar wa Cindo kayansa. Kuma don Allah, Malama, in za a yi baƙi a riƙa kula da jiki. Ƙarnin kifi kike tun ɗazu, kunya ta kama ni."

"To, ranka ya daɗe."

Ya wuce ofishinsa yana waƙa a ƙasan maƙoshi. Zulai'atu ta ja kujera ta zauna, don ta ga ɓarnar da baƙon ya yi mata. Ta buɗe katin ƙasa da taki. Ƙofar babu. Ta buɗe na likitanci, babu. Ta gangara can ƙarshen jerin, ta buɗe na jiragen sama, nan ma adireshin tsaf, ba komai a gabansa. Abin da ta yini tana cirewa ɗaya bayan ɗaya cikin hayaƙin Mairo, ya cire shi daga dukkansu a zama ɗaya.

Ta tashi ta je taga. Ruwa ya kece sosai yanzu. Gideon na tsallaka filin kwalejin, ya ɗora jaka a ka, takalmin nan mai tsini na nutsewa cikin taɓo. Tagar a buɗe take, in ta ɗaga murya zai ji. Ta dafa ƙarfen tagar, ta tsaya.

Ya buɗe ƙofar mota ya shiga, bai waiwayo ba.